Kwamfuta mai RAM 2GB: in koma Windows 7 ko in daure da Windows 10?

Abu_Hafsa_BauchiRoad
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana cikinmu, don abin ya fara ci min tuwo a ƙwarya. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Bauchi Road, nan Jos. Yawancin kwastomomina ɗalibai ne masu kawo aikin kammala karatu, sai masu cike fom a intanet. Da kwamfuta uku nake aiki, dukkansu tokumbo: HP ta tebur mai injin (furosesa) Core 2 Duo, laftof Dell Latitude E6410 mai Core i5, da wata 'yar ƙaramar laftof mai Atom da ƙanena ya bar min. Kowacce RAM ɗinta 2GB ne.

Shekara da shekaru Windows 7 ce a kansu, ban taɓa kuka da su ba. Daga baya Chrome ya daina sabuntuwa, yanzu wasu shafukan suna buɗewa a karkace, wani lokacin wurin biyan kuɗi ba ya dannuwa sam. Na kai Dell ɗin wurin mai gyara ya ɗora mata Windows 10. Tun ranar ba ta ƙara daɗi ba. In na buɗe Word da Chrome tare, fanka ya hau kuka, maus ya tsaya cik, kwastoma kuma yana tsaye a kaina. Yanzu mai gyaran ya ce in kawo ya sa min wata Windows 11 da aka rage wa nauyi. Kuɗin sabuwar kwamfuta ba ni da shi a yanzu. Shin in mayar da Dell ɗin Windows 7, in daure da 10, ko in yarda da wannan 11 ɗin?

Sadiq_Terminus
Wa alaikumus salam. Malam, koma 7 kawai. Kullum irin waɗannan ake kawo min, 2GB ba ta iya ɗaukar Windows 10. Ka sa 7, ka sa Firefox, ka ci gaba da neman abincinka.

Injiniya_Nasir
Sadiq, a kan nauyi ka yi gaskiya, amma shawarar tana da haɗari ga mai aiki irin na Malam Abu Hafsa. Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Ma'ana duk ɓarakar da aka gano a cikinta bayan wannan rana tana nan a buɗe, babu mai ɗinke ta. Chrome 109 da ya fito a Janairu 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta, shi ya sa shafukan suke karkacewa, kuma abin ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Firefox ɗin da ka ambata ma 115 ne na ƙarshe a kan 7. Mozilla, kamfanin da ke yin sa, ta sha ƙara masa wa'adi, amma ba za a gina shago a kan wa'adin da ake ƙarawa wata shida-shida ba.

Kuma ku duba abin da ake shigarwa a kwamfutar nan. Lambar NIN ta mutane, lambar katin banki, hotunan takardun haihuwa. Ba kayan Malam ba ne shi kaɗai, amanar jama'a ce.

Sadiq_Terminus
Injiniya, ita Windows 10 ɗin ai an daina gyara ta ita ma. To mene ne bambancin? Duka biyu marayu ne, gara marainiyar da ke gudu.

Injiniya_Nasir
Akwai bambanci. Tallafin Windows 10 ya ƙare ne 14 ga Oktoba 2025, amma akwai shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, wanda mutum zai iya shiga ya ci gaba da samun gyaran tsaro har Oktoba 2026, in dai siga ta ƙarshe ce a kansa, wato 22H2. Sannan Chrome da Firefox sababbi suna hawa kanta har yanzu. A kan 7 babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Maman_Zara_Bukuru
Ni ba masaniya ba ce, amma bari in faɗi abin da ya same mu. Ina kula da ofishin wata ƙaramar makaranta. Kwamfutar da muke ajiye sakamakon yara Windows 7 ce, kowane malami yana zuwa da filas ɗinsa ya saka. Ana saura kwana huɗu a ba da katin sakamako muka wayi gari duk fayilolin sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun canza. Mun kai wurin masu gyara biyu, babu wanda ya iya dawo da su. Da hannu muka sake tattara makin aji shida daga takardun malamai, har dare muke kaiwa cikin sanyin Disamba. Malam Abu Hafsa, duk abin da za ka zaɓa, don Allah ka riƙa kwafe aikin mutane a wani wuri daban.

Baba_Gangare
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Ni dai tambayata, wai mene ne wannan RAM ɗin da kuke ta faɗa? Yarona ya ce tawa tana da 500GB, amma ita ma jan ƙafa take yi.

Malam_Auwal_Naraguta
Baba, abu biyu ne daban. Ka ɗauki mai tumatir a Farin Gada. Yana da rumfar da yake jibge kwanduna a baya, yana kuma da tabarmar da yake baza kaya a gabansa. Rumfar ita ce 500GB ɗinka, wato faifan ajiya. Tabarmar ita ce RAM. Duk abin da kwamfuta take aiki da shi a wannan lokacin dole ya kasance a kan tabarma. In tabarmar ƙarama ce, kafin ya baza attaruhu sai ya kwashe albasa ya mayar rumfa, in an nemi albasa ya sake tashi ya ɗauko. Wannan kai-kawon shi ne jan ƙafar da kake gani. Girman rumfa ba ya rage shi.

To ita Windows tana shimfiɗa nata kayan a tabarmar kafin naka. Ta 10 iri biyu ce, 32-bit da 64-bit, kuma mai 64-bit tana cinye fiye da rabin 2GB tun kafin ka buɗe komai. Ta 7 ba ta kai haka ba. Ragowar wurin ne Word da Chrome suke rabawa. Idan ya cika, sai a koma ajiye rarar a faifan ajiya, kuma in faifan tsohon mai juyawa ne, nan ne kwamfuta take tsayawa cik.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba Windows ce babbar maciyiyar ba yanzu. Burauza ce. Shafukan intanet na yau sun yi nauyi ƙwarai, Facebook da Gmail da YouTube kowanne ɗaya yana iya cin wuri mai yawa shi kaɗai. Ko ka koma 7, ka buɗe shafi shida, abin da ka gudu shi za ka tarar.

Baba_Gangare
Allah ya yi albarka, yanzu na gane. Ashe tabarmata ce ƙarama.

Yusuf_Linux_Jos
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da na san za a ce na cika faɗa. Akwai hanya ta uku. Malam Abu Hafsa yana ganin zaɓinsa tsakanin tsoho mai gudu da sabo mai nauyi ne, alhali akwai sabo marar nauyi. Linux ke nan, wadda ake ɗorawa a madadin Windows. Ire-irenta kamar Linux Mint mai Xfce, ko Lubuntu, suna tashi da RAM kaɗan, kyauta ne, ana sabunta su kullum, kuma Firefox da Chrome na yau suna hawa kansu. Ina da HP irin taka mai Core 2 Duo, Mint ce a kai, da ita ƙannena suke karatu. Akwai kuma wani abu da ake kunnawa mai suna zram, yana matse bayanai a cikin RAM ɗin maimakon a kai su faifai, yana taimakawa sosai a 2GB.

Ba sai ka goge komai ba kafin ka gani da idonka. Ka sauke shi, ka zuba a filas da wata manhaja mai suna Rufus, ka tashi kwamfutar daga filas ɗin. In bai yi maka ba ka zare, Windows ɗinka tana nan yadda ka bar ta.

Abu_Hafsa_BauchiRoad
Na gode ƙwarai jama'a. Malam Yusuf, damuwata biyu ce. Rabin cinikina katin biki ne da kalanda da takardar shaida, kuma da CorelDRAW X3 nake yin su. Sannan ɗalibai da Word suke kawo aikinsu, in layi ɗaya ya goce malaminsu zai dawo da su. Waɗannan za su yi a Linux?

Yusuf_Linux_Jos
Gaskiya ɗaya ce, CorelDRAW ba shi da sigar Linux. Akwai Inkscape da ke irin aikin, amma hannunka ya saba da wancan, kuma tsofaffin fayilolinka ba lallai su buɗe daidai ba. Ba zan ce ka mayar da kwamfutar zane Linux ba. Word kuma akwai LibreOffice, yana buɗe fayilolin yana adana su.

Hauwa_Typist
Yana buɗewa, amma Malam Yusuf ka faɗi sauran. Shekara bakwai ina buga aikin ɗalibai, na kuma gwada LibreOffice wata uku cur. Wasiƙa da takardar neman aiki lafiya lau. Amma aiki mai shafi tamanin, mai jadawali, mai lambar shafi ta Romawa a gaba da ta Larabci a baya, sai ka ga jadawali ya tsallaka wani shafin, jerin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa da lambobin. Ɗaliba ta taɓa zuwa min da kuka saboda an ce ta sake bugawa, ni na biya takardar daga aljihuna. Wanda ba ya wannan sana'ar zai ga ƙaramin abu ne.

Yusuf_Linux_Jos
Na karɓi gyara, Anti Hauwa. Yawancin gocewar daga salon haruffa take zuwa. In babu Times New Roman a kwamfutar, sai a musanya shi da wani. Liberation Serif an yi shi ne da faɗi ɗaya da Times New Roman don layuka su zauna, kuma ana iya sa na Microsoft ɗin ma. Yana rage matsalar sosai, amma ban ce yana kawar da ita duka ba. Ni abin da nake cewa masu kawo aiki, su adana shi a PDF tun daga inda suka rubuta, shi ba ya gocewa a ko'ina.

Hauwa_Typist
In sun kawo PDF ai an huta. Amma kashi mafi yawa gyara suke so a yi musu a nan take.

Kabiru_Dilimi
Ni abin da ban ji kowa ya taɓa ba shi ne maganar 11 ɗin nan da aka rage wa nauyi. Malam, kada ka yarda. Windows 11 ta gaskiya tana neman RAM 4GB a ƙalla, wurin ajiya 64GB, da wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a injinan Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama ne akasarin waɗanda ta amince da su. Dell ɗinka ƙarni na farko ce. Core 2 Duo ɗin kuwa, tun daga siga 24H2 ba ta ma tashi a kanta ko an yi dabara, saboda akwai wani umarni da injin ba shi da shi. Wadda ake cewa an rage wa nauyi, wani mutum ne da ba ka sani ba ya buɗe ta ya cire abin da ya ga dama. Abin da aka fi cirewa shi ne mai gadin bairos da hanyar sabuntawa, don su ne masu nauyi. Wanda ya iya cirewa kuma ya iya sakawa. Abokina ya sa irin ta a laftof ɗin da yake shiga banki da ita, bayan sati biyu aka fara shiga imel ɗinsa daga wata ƙasa. Ba zan rantse daga nan ne ba, amma ni ba zan sa lambar katin kwastoma a irin wannan ba.

Sadiq_Terminus
A nan kam ina tare da Kabiru. Ni ma ba na sa wa mutane ita.

Injiniya_Nasir
Mu dawo kan Dell ɗin, don ina ganin muna gardama a kan abin da ƙaramin kuɗi zai warware. E6410 tana da ramin RAM biyu, nau'in RAM da ake kira DDR3 take ci, kuma tana ɗaukar har 8GB. Malam, ka juya ta ka buɗe murfin ƙasa ka duba. In guda ɗaya ne mai 2GB a ciki, ramin na biyu yana nan fanko. Ka ƙara 2GB ta zama 4, ko ka sa 4 biyu ta zama 8. Ana samun DDR3 na hannu, masu gyara suna cire shi daga matattun laftof. Sai dai ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka kafin ka biya, don waɗannan tsofaffin ba kowane DDR3 suke karɓa ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi na farkon tasiri a wurina: ka cire faifan mai juyawa ka sa SSD, wato faifan ajiya marar juyawa mai sauri, ko da 128GB ne. A misalin Malam Auwal, kamar ka matso da rumfar ne ta dawo gefen tabarma. Kai-kawon yana nan, amma ba ya cin lokaci. Na yi wa laftof da yawa haka, masu su suna ɗauka sabuwa aka ba su. Tsohon faifan kuma ka saya masa gida ka mayar da shi wurin kwafe aiki, kamar yadda Hajiya ta ce.

Musa_Rikkos
Ƙarin bayani a kan na Injiniya. In ka kai 4GB ko sama, ka tabbata Windows ɗin 64-bit ce. Mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce 3GB da 'yan kai, ko ka sa 8 sauran a banza yake. Amma in za ka tsaya a 2GB, akasin haka ne, 32-bit ta fi sauƙi a kanta. Ina zargin mai gyaranka 64-bit ya sa maka a kan 2GB, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da take nema. Ka danna dama a kan This PC ka shiga Properties, za ka gani.

Abu_Hafsa_BauchiRoad
Na duba yanzu, Malam Musa. 64-bit ce kuwa.

Musa_Rikkos
To ka ga ɗaya daga cikin dalilan.

Danladi_Tudunwada
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Kafin a ɗora wa Windows laifi duka, yaushe rabon da a buɗe kwamfutocin nan a kakkaɓe? Mu da ke Jos muna ganin garinmu da sanyi, sai mu ɗauka kwamfuta ba ta zafi. Amma ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, ga shagon a bakin titi. In injin ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Malam ya ce fanka yana kuka, wannan alama ce. A buɗe a hure, a goge busasshen man da ke kan injin a sa sabo. Na ga laftof da aka yi niyyar yarwa ta dawo daidai da wannan kaɗai.

Sadiq_Terminus
Gaskiya ne Danladi. Wani lokacin abin da muke cirowa daga fanka kamar audugar katifa.

Maman_Zara_Bukuru
Ni kuma wuta ce matsalata. Batirin tamu ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa. Tun da aka sa mana Windows 10, sau biyu ana ɗaukewa tana cikin sabunta kanta, ta ƙi tashi sai da aka kai gyara. Ga cin data. Wannan ma abin dubawa ne ga mai ƙaramin ƙarfi.

Malam_Auwal_Naraguta
Hajiya, na data akwai magani. A saitin Wi-Fi akwai wurin da za ki nuna mata cewa datarki a ƙirge take, sai ta daina sauke manyan abubuwa da kanta. Amma kada ki bar ta haka har abada. Ki zaɓi rana ɗaya a wata, lokacin da wuta ta zauna ko an tada janareta, ki bari ta sabunta. Abin da ya faru a Mayu 2017 darasi ne. Bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba, kuma akasarinsu Windows 7 ce a kansu. A lokacin akwai maganin, sakaci ne ya hana sha. Yanzu a kan 7 maganin ne babu.

Sadiq_Terminus
Malam Auwal, ba na musun wannan. Amma ku masu ilimi kuna magana kamar kowa yana da kuɗin SSD a aljihu. Mutumin da ya zo min da kuɗin aiki kawai, yana son kwamfutarsa ta buga takarda gobe da safe, me zan ce masa? Akwai dattijo mai buga takardun haya da na sayar da fili, kwamfutarsa ba ta taɓa ganin intanet ba, Windows 7 da Office 2007 ne a kai, shekara nawa lafiya lau. In na sa masa 10 na cuce shi. In na sa masa Linux, firintarsa ta ƙi, gobe ni zai zo ya tsaya wa a kai.

Injiniya_Nasir
A kan wannan dattijon ba ni da ja, Sadiq. Kwamfutar da ba ta shiga intanet, hukuncinta daban. Inda muka saɓa shi ne Malam Abu Hafsa yana cike fom yana biyan kuɗi.

Kabiru_Dilimi
Ba ta shiga intanet, amma filas yana shiga ta. Ku tuna labarin Hajiya Maman Zara, ta filas aka shigo musu. Wannan bairos ɗin mai ɓoye fayiloli ya bar maka shotkot, ai shagunan buga takardu ne gidansa. Filas ɗaya yana zaga shago biyar a rana.

Yusuf_Linux_Jos
Nan ne Linux take da amfani ko ga wanda ba ya son ta. Wannan bairos ɗin na Windows ne, ba ya tashi a Linux. In filas ɗin kwastoma ya fara shiga kwamfutar Linux, za ka ga fayilolin da ya ɓoye da shi kansa bairos ɗin a fili, ka kwashi takardar da kake so ka bar sauran.

Hauwa_Typist
To Malam Abu Hafsa, tunda uku gare ka, me zai hana ka raba musu aiki? HP ɗin ta zauna a Windows 7 da CorelDRAW da Word, a zare mata waya, kada ta ƙara ganin intanet. Dell ɗin a ƙara mata RAM da SSD, ita ce ta fom da biyan kuɗi. 'Yar ƙaramar a sa mata Linux ɗin Malam Yusuf ta zama mai karɓar filas a bakin ƙofa. Ni da ina da uku haka zan yi.

Musa_Rikkos
Shawara mai kyau, sai dai a duba wace Atom ce. In N270 ce, 32-bit kawai take ɗauka, kuma Linux Mint ta daina fitar da 32-bit tun siga ta 20 a 2020. Lubuntu ma ta daina. Sai dai irin antiX, wadda har yanzu take da 32-bit kuma an yi ta ne musamman don tsofaffin kwamfutoci. RAM ɗin waɗannan ƙananan kuma 2GB ne iyakarsa, ba a ƙarawa.

Zainab_Unijos
Ni ɗaliba ce, ina bin zancen tun farko. Wani ya ce min in sa ChromeOS Flex a tawa mai 2GB, wai ta fi komai sauƙi. Gaskiya ne?

Musa_Rikkos
Zainab, 4GB take nema ita ma, kuma kusan komai nata a intanet yake. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan ba za ta yi daɗi ba.

Malam_Sani_Hausa
Tambayata ta ɗan bambanta. Ina buga rubutun Hausa, ina bukatar ƙ da ɗ da ɓ. A Windows 7 ina da allon rubutu na Hausa. In na koma Linux zan rasa shi?

Yusuf_Linux_Jos
Ba za ka rasa ba, Malam. A saitin allon rubutu ka nemi Najeriya, akwai na Hausa a ciki. Windows 10 ma tana da shi.

Abu_Hafsa_BauchiRoad
Jama'a, ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar na rufe shago na tafi da Dell ɗin Ahmadu Bello Way. Kamar yadda Injiniya ya ce, rami ɗaya fanko ne. RAM na farko da aka gwada ta ƙi tashi da shi, allo ya yi baƙi, na biyu ya yi. Yanzu 4GB ce. An hure fankan, ƙurar da ta fito ta ba ni mamaki, Allah ya saka wa Danladi. Kuɗina bai kai na SSD ba, sai ƙarshen wata in Allah ya kai mu. Ko a haka Word da Chrome suna zama tare, tashinta ne dai har yanzu da nauyi.

Ƙaramar kuma N270 ce, Malam Musa ya canka. Ɗan maƙwabcina ya zuba min antiX a filas, ta tashi, ta ga Wi-Fi, amma ban gane kan ta ba tukuna, komai a wani wuri yake. HP ɗin na zare mata waya kamar yadda Anti Hauwa ta ce. Sai dai firintar a jikinta take, ita ce mai direbanta, wato manhajar da ke sa firintar aiki. Yanzu in na cike fom a Dell, sai na ɗauka a filas na kai HP kafin in buga, abin da Kabiru yake gargaɗi a kai ke nan.

Kabiru_Dilimi
Ka ware filas ɗaya naka na kanka don wannan, kada ya taɓa shiga kwamfutar kowa a waje. Amma mafi sauƙi, ka duba shafin kamfanin firintar ko akwai direbanta na Windows 10 mai 64-bit, ka mayar da ita jikin Dell.

Injiniya_Nasir
Madalla da wannan labari. Abu ɗaya kada ka manta: ka shiga Windows Update ka duba ko 22H2 ce, ka shiga shirin ƙarin wa'adin. Kuma ka sa a ranka cewa Oktoba 2026 za mu sake wannan zaman, don Dell ɗin ba za ta hau 11 ta hanyar da ta dace ba. Kafin lokacin ka riƙa taɓa ƙaramar kullum ko minti goma ne, hannunka ya saba da Linux.

Sadiq_Terminus
Ni har yanzu ina nan a kan cewa da 4GB ɗin nan Windows 7 za ta fi gudu nesa ba kusa ba. Amma tunda kuɗin mutane ke bi ta kanta, na bar wa Injiniya. Malam, in za ka sayi SSD ka zo da laftof ɗin, a kwafe maka komai yadda yake, ba sai an sake ɗora Windows ba.

Zainab_Unijos
Don Allah kafin a watse. Tawa irin 'yar siririyar nan ce mai ajiya 32GB, mai gyara ya ce RAM ɗinta a manne yake da allon ciki, ba a ƙarawa, kuma Windows 10 ta cika wurin har ba ta iya sabuntawa. Wata uku ya rage in miƙa aikina, kuma a Word malamina yake so. Ni wanne zan yi?

Hauwa_Typist
Zainab, kada ki taɓa komai a kanta sai kin kwafe aikin a wuri biyu, filas da imel ɗinki. Ki yi wannan yau. Gobe ki turo mana sunan laftof ɗin da lambar da ke ƙasanta, su Malam Musa su duba.